Yadda Na Mayar da Dokin Roba Furde a Aboabo

Dokin farko da na yi wa aiki a kasuwar Kejetia ta Kumasi na tsince shi, cikin tarin kayan wasan yara na gwanjo, yana kwance tsakanin motocin roba da 'yan tsana, kunnensa ɗaya a gutsure, fentin gadon bayansa kuma duk ya goge. Abin da ya tsayar da ni a kansa shi ne na ga alamar wanda ya sassaƙa shi ya san doki, domin jijiyoyin ƙafa suna inda ya kamata, kuma kafaɗar tana da ƙashi a ƙarƙashinta. Da na juya shi sai na ga tambarin Breyer a cikin cinyarsa ta baya. Mai kayan ta sayar mini da shi a kuɗin da bai wuce na kwano biyu na shinkafa da wake ba, tana ta mamakin magidanci da ke ciniki a kan abin wasan da ya karye.

Daga baya na fahimci cewa abin da ke hannuna yana da tarihi. Kamfanin Breyer ya fitar da dokinsa na farko a birnin Shikago na Amurka a shekarar 1950, kuma asalinsa ado ne da aka yi domin a ɗora a jikin agogon tebur, sai mutane suka riƙa neman dokin shi kaɗai ba tare da agogon ba. Manyan dawakinsa ana yin su ne a ma'aunin ɗaya bisa tara, wato dokin da tsayinsa daga ƙasa zuwa doron kafaɗa ya kai santimita 150 zai dawo kamar santimita 17, ƙananan kuwa ɗaya bisa talatin da biyu ne. Tun daga 1990 masu wannan sha'awa suke taruwa kowace shekara a Lexington ta jihar Kentucky, inda ake baje dawakin da aka sake wa fasali, alƙalai suna duba ƙira da launi kamar yadda ake duba doki mai rai. Akwai kuma na kamfanin Schleich na Jamus, wanda aka kafa a 1935, su ne aka fi cin karo da su a cikin dilolin gwanjo, sai dai robarsu ta fi taushi.

Damuwata da waɗannan dawaki guda ɗaya ce: yawancinsu ba irin namu ba ne. An sassaƙa su ne a kan dawakin Amurka da Turai, masu faffaɗan ƙirji da cikakkiyar cinya da kauri a wuya, alhali dokin da idona ya saba da shi a hotunan hawan Daushe na Kano, ko a bikin Damba na Yendi da Tamale a arewacin Gana, siriri ne, mai dogayen ƙafafu, mai ƙugu a zube, kuma sau da yawa karan hancinsa a ɗan gantsare yake zuwa waje, irin jinin dawakin Dongola ta ƙasar Sudan. Kumasi kuwa ba garin doki ba ne. Ƙudan tsando da cutar sammore sun daɗe da hana doki sakewa a wannan yanki na kurmi, shi ya sa yaron Zango zai iya girma bai taɓa shafa gezar doki ba, sai dai ya hango shi ranar Sallah a tsakiyar cunkoso. Ni ma haka na tashi, dokina na ƙuruciya na kara ne da na yumɓu. Saboda haka da na ƙudura cewa zan mayar da wannan doki ya zama irin na Arewa, sai na tarar ban san abin da zan canza ba.

Wanda ya buɗe mini ido wani dattijo ne mai sayar da goro a Alabar, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana kiwon dawaki a Yendi kafin ya gangaro kudu. Na kai masa dokin bayan na yi masa gyaran farko, ina jiran yabo. Ya juya shi sau biyu, ya miƙo mini, ya ce: "Ɗana, wannan ai a tsakiyar ƙwauri ka karya shi. Ka taɓa ganin ƙashi ya lanƙwashe kamar taliya?" Na ce: "Allah ya ja kwana, Baba, ban lura ba." Gaskiyarsa ce. Na tsoma ƙafar a tafasasshen ruwa har robar ta yi laushi, sa'an nan na lanƙwasa ta yadda na ga ta yi mini kyau, ba tare da na kula da cewa ƙafar doki ba ta tanƙwaruwa sai a gaɓa ba. Tun daga ranar nake fara zana ƙasusuwan da fensir a jikin robar, in yanke ɗan tsinin roba daga cikin gaɓar da nake son naɗewa, in ɗumama wurin shi kaɗai, in kuma sa waya a ciki idan yankan ya yi zurfi.

Ramin da yanka ya bari ana cike shi da wani ƙullu mai kashi biyu, wanda ake murzawa daidai wa daida har launinsu ya zama ɗaya, yana ba mutum kamar awa ɗaya ko biyu yana sarrafa shi kafin ya fara tauri, kuma sai ya kwana ya wuni kafin ya ƙame sosai. Da shi na gina sabon kunne, na ɗaga karan hancin, na sake geza da wutsiya bayan na yanke na asali. Rage cinya da ƙirji ya fi wahala, domin manyan dawakin nan cikinsu fanko ne, idan aka ci gaba da gurzawa sai a huda. Akwai kuma ɗan ƙaramin rami da kamfani yake bari a gefen baki ko cikin hanci domin iska ta riƙa fita, kuma duk wanda ya toshe shi a gari mai zafi irin namu zai wayi gari dokinsa ya kumbura, ƙullun ya tsattsage. Bayan wannan sai gugar samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har layin haɗin roba da ke bin tsakiyar baya da ciki ya ɓace. Wannan mataki ba shi da daɗi ko kaɗan, kuma shi yake cin rabin lokacin aikin.

Fentin shimfiɗa, wanda ake fesawa kafin launi, a wurin masu sayar da kayan fentin mota na Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, nake sayensa, amma sai da na yi asarar doki guda kafin na san iyakarsa. Na fesa shi a kan wani dokin roba mai taushi da ba shi da tambarin kowa, sai ya ƙi bushewa, wata guda yana danƙo yana kama ƙura, saboda sinadarin gwangwanin yana narkar da man da ke sa robar laushi. Irin wannan roba fentin akrilik mai haɗin ruwa take so, a shafa da burushi. Yanayin Kumasi shi ma yana da nasa hukuncin. Da damina, wadda take zuwa mana sau biyu a shekara, danshin iska yana sa feshin kariya ya bushe da fari-fari kamar hazo a kan launin da aka sha wahalarsa, da hunturu kuma komai yana bushewa da wuri amma ƙura ba ta barin mutum. Na gwammace hunturun, domin ƙura ana iya tsare ta da kwali a kife, danshi kuwa babu yadda za a yi da shi.

Wajen launi ne na fi jin daɗin zama da Baba, saboda a bakinsa doki ba ya zama fari ko baƙi kawai. Akwai kili, akwai akawal, akwai danda, da bidi, da gunya, da aharas, kowanne da kamanninsa da irin mutanen da suke son hawansa. Ni furde na zaɓa, wato mai ruwan toka da zobba-zobba a jiki, ba tare da na san cewa na ɗauko mafi wuya ba. Irin wannan doki da duhu ake haihuwarsa, yana ƙara haske yayin da yake manyanta, amma fatarsa baƙa ce har ya mutu, shi ya sa bakinsa da kewayen idonsa da cikin kunnensa suke zama da duhu ko da gashin ya yi fari fat. Zobban kuma ba a jere suke kamar ɗinkin hula ba: sun fi fitowa a cinya da kafaɗa da gefen wuya, suna dusashewa wajen ciki, kuma girmansu ba ɗaya ba ne. Na yi amfani da garin allin masu zane, ina kankare shi da reza, ina shafawa da busasshen burushi a hankali, ina fesa kariya bayan kowace shafa domin ta gaba ta sami abin kamawa, sa'an nan ina ɗauke garin da ɗan tsinin abin goge fensir a duk inda nake son zobe ya fito. Sai da na yi shafa goma sha huɗu kafin duhun gwiwoyi ya kai yadda nake so. Baba ne ya tuna mini cewa ƙafar da take da farin safa kofatonta yakan yi haske, cewa ƙwayar idon doki a kwance take ba a zagaye ba, da kuma cewa akwai ɗan ƙullutu mai tauri a cikin kowace ƙafa, sama da gwiwa a ta gaba, ƙasa da gaɓa a ta baya, wanda ni na gurje da samfefa ina zaton aibin roba ne.

Wani maƙwabcina ya taɓa yi mini magana a kan ajiye siffar abu mai rai a ɗaki, kuma ban ɗauki maganarsa da wasa ba. Na tambayi malamin da nake karatu a wurinsa, ya kawo mini hadisan da suka yi hani, ya kuma kawo ruwayar dokin wasa mai fukafukai da aka gani cikin kayan wasan Nana A'isha, ya ce malamai sun yi saɓani a kan iyakar rangwamen. Abin da na tsayar wa kaina shi ne ba na jera su a inda nake salla, a cikin akwati suke zama idan ba aiki nake yi ba.

Yanzu kayan hawa nake fama da su. Wani baduku a Asawase yana tara mini guntayen jar fatar akuya, ina fere bayanta da reza har ta yi sirantar takarda, domin a ma'aunin ɗaya bisa tara madaurin da faɗinsa ya kai santimita biyu a jikin doki mai rai ba zai wuce milimita biyu da 'yan kai ba. Na gama ragama da linzami da majayi, na sassaƙa ƙwarangwal ɗin sirdi da itace mai taushi, da ƙwacciyarsa ta gaba da majinginarsa ta baya, matata kuma ta yi wa jalala ɗinki da zare ɗaya tak na siliki. Likkafa ce ta gagare ni, domin wadda na yanka daga gwangwanin madara ta fito da fasalin ta Turawa, siririya, ba mai faɗin nan da ƙafa take zama a ciki gaba ɗaya ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na sake kai wa Baba dokin da sirdinsa a ɗaure. Ya daɗe yana dubansa, ya gyara zaman majayin da farcensa, ya ce a matsar da sirdin baya kaɗan tun da ya hau kan kafaɗa, sa'an nan ya yi alkawarin zai zana mini likkafar a bayan kwalin goro idan na dawo mako mai zuwa.