VAR ba ta kashe gardama ba, ɗaki kawai ta canja mata

Tun da aka shigar da VAR, wato tsarin sake duba hoton bidiyo don taimaka wa alƙalin wasa, cikin dokokin ƙwallo a 2018 ake ta yi mana alƙawarin wai kurakuran alƙalan wasa sun zo ƙarshe, to ga shi shekaru sun ja, amma har yau in ka leƙa gidan kallon ƙwallo ranar Asabar da yamma ba abin da ke shan tsinuwa kamarta. Ni dai ban goyi bayan a cire ta ba. Abin da nake so a daina shi ne cewa na'ura ce ke yanke hukunci, ba na'ura ba ce wallahi, wani rafali ne zaune a ɗaki gaban talabijin, yana iya ruɗewa yana iya jin tsoro kamar kowa.

Masu cewa a koma yadda ake da ina ga mantuwa ce ke damun su. A 2009 Thierry Henry ya tare ƙwallo da hannu har sau biyu ya ba Gallas ya ci, Faransa ta tafi kofin duniya Ayalan ta zauna a gida. A 2010 ƙwallon Lampard ta wuce layi ƙuru-ƙuru a wasan Ingila da Jamus aka ce ba ta shiga ba. Irin wannan kam kyamara na maganinsa cikin daƙiƙa kaɗan, don ba ra'ayi ba ne, ko ta shiga ko ba ta shiga ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da sai an auna. A ƙa'ida abu huɗu kawai VAR ke sa baki: cin ƙwallo, fenariti, jan kati kai tsaye, da in an ba wani kati a madadin mai laifin, kuma wai sai kuskuren ya fito fili ƙarara. To wa ke cewa ya fito fili? Ku tuna wasanmu, mu Najeriya, da Ajantina a kofin duniya na Rasha a 2018, ana 1-1, ƙwallo ta taho ta sama Marcos Rojo na Ajantina ya sa kai ta zame ta bugi hannunsa a cikin da'ira, 'yan wasanmu suka yi caa a kan alƙalin wasa Cuneyt Cakir ɗan Turkiyya, ya ruga gefen fili ya leƙa allon, ko daɗewa bai yi ba ya dawo ya ce a ci gaba. Rojon nan dai shi ya zo ya zura mana ta biyu a minti na 86 muka tattaro kayanmu. A gasar nan ɗaya kuma, wasan ƙarshe, ƙwallon kwana ta taɓa hannun Perisic na Kuroshiya, alƙalin wasa Nestor Pitana ya je ya tsaya yana kallo yana sake kallo, har ya juyo ya sake komawa, sannan ya ba Faransa fenariti. Masana doka za su ce ai ta Rojo daga kansa ta fito, na ji na yarda, amma don Allah kuskuren da sai ka kalla sau barkatai kafin ka gane shi ta yaya ya zama wanda ya fito fili?

Ga kuma rage gudun hoto da suke yi, wanda ke mayar da kowa mai laifi. Ƙafar da ta shafi ta wani cikin ƙiftawar ido, in aka ja hoton a hankali sai ka rantse mutumin tun daga gida ya ƙudurta karya ƙafa.

Wanda ya fi ba ni dariya da takaici shi ne na Luis Diaz, lokacin yana Liverpool, a gidan Tottenham a watan Satumban 2023. Ya ci ƙwallo lafiyayya, mai tuta ya ɗaga wai satar gida, na cikin ɗaki Darren England ya ja layi ya ga babu satar gida, amma shi a zatonsa an riga an ba da ƙwallon a fili, sai ya ce an duba an gama. Shi ke nan aka ci gaba da wasa ba ƙwallo. Kyamara ta gani daidai, layi ya fito daidai, mutane ne ba su fahimci juna ba, kuma da hukumar alƙalan ta saki muryar hirar tasu kowa ya ji yadda suka rikice bayan sun farga. Liverpool ta sha kashi 2-1, haƙuri kawai aka ba ta.

Amma fa in za a yi adalci sai a faɗi na birnin Bouake a Kwaddibuwa, wasanmu na kusa da na ƙarshe na kofin Afirka da Afirka ta Kudu a Fabrairun 2024. Muna 1-0, saura 'yan mintuna, Osimhen ya tura ta biyu raga, unguwa ta ɗauki ihu, masu babur sun fara hon, kawai sai ga alƙalin wasa Amin Omar ɗan Masar ya zana akwatin nan da hannu. Aka mayar da hoto baya can farkon harin, ashe ɗan Kanonmu Alhassan Yusuf ya taɗe Percy Tau a cikin da'irarmu. Aka soke ƙwallon Osimhen, aka ba su fenariti, Mokoena ya farke, daga 2-0 muka koma 1-1 a tsaye. Ranar an zagi VAR iya zagi, amma tsakani da Allah laifi ne, da mu aka yi wa haka alƙali ya kau da kai da har yau muna maganar. Allah dai ya taimake mu da mai tsaron ragarmu Nwabali a bugun fenariti na raba gardama.

Abin da ta ƙwace mana wanda ba ya dawowa shi ne murna. Yanzu in an ci ƙwallo rabin ihu ake yi, ido na kan rafali ko ya dafa kunne, su kuma na cikin filin da suka sayi tikiti sun fi kowa zama a duhu. Duk da haka da Wolves ta kawo ƙudurin a soke VAR a Firimiya a 2024, ƙungiyoyi 19 suka ce a bar ta, ita kaɗai ta ce a cire.

To tunda ba inda za ta, ni buƙatata biyu ce. A sa mata lokaci, in minti ɗaya ya wuce ba a ga kuskure ba a bar hukuncin fili yadda yake. Sannan a buɗe mana hirar alƙali da na ɗaki kai tsaye yadda ake yi a wasan rugbi, ba wai ya gama shawara a ɓoye ya zo ya sanar da sakamako a lasifika ba, mu ji da kunnenmu wa ya ce me.