Abin da aiki da masu gigin tsufa ya koya mini a Kano

Yawancin tsofaffin da ake turo mini daga sashen gashin ƙashi ba mantuwa ce ta kawo su asibiti ba. Shanyewar ɓarin jiki ce, ko karayar ƙugu bayan faɗuwa a banɗaki. Sai an fara gashi ake lura Baba ba ya riƙe abin da aka ce ya yi, ko Hajiya tana ƙwarewa duk sa'ad da ta kurɓi ruwa. Nan ake kiran mai gyaran magana da haɗiya, wato ni. In ka tambayi 'ya'ya, sai su ce ai tsufa ne kawai. Gigin tsufa kuwa ciwon ƙwaƙwalwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kuma cutar Alzheimer ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Amma a ɗakin gashi, wanda na fi cin karo da shi shi ne mai biyo bayan lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, a jikin masu hawan jini da ciwon suga.

Gaisuwarmu tana ɓoye ciwon nan. Dattijo zai amsa maka ina kwana, ina gajiya, ya tambayi iyali, ya sa maka albarka, ba tuntuɓe ko ɗaya. Gaisuwa ta zauna a bakinsa shekara saba'in, ita ce ke jimawa ba ta goge ba. Sai ka nuna masa buta ka ce mene ne wannan, ya ce "abin nan ne, abin nan na alwala". Ya san amfaninta, sunan ne ya ɓace masa.

Gwaje-gwajen auna ƙwaƙwalwa da muka karanta a makaranta, irin su MMSE da MoCA, ma sai da lura. MMSE, wanda aka fitar a Amurka a 1975, maki 30 ne: kwanan wata, cire bakwai-bakwai daga ɗari, rubuta jimla, kwaikwayon zane. MoCA na son a zana agogo a kuma faɗi sunan karkanda daga hoto. Tsohuwar da ta yi makarantar allo, take lissafin wata da Rajab da Sha'aban, take auna lokaci da Azahar da La'asar, za ta faɗi gwajin nan alhali hankalinta garau. Wannan zalunci ne a wurina, domin da sakamakon ake yanke ko za a ci gaba da ba ta riƙon kuɗinta da maganinta. Shi ya sa na fi natsuwa da irin gwajin IDEA, wanda aka tsara don tsofaffin Afirka marasa boko aka kuma gwada shi a Tanzaniya da Najeriya: a jero sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, a riƙe kalmomi, a kwaikwayi siffa da tsinken ashana. Kafin komai kuma ina tabbatar da cewa yana ji, tabaransa na idonsa, kuma da harshen da ya tashi da shi ake masa magana. Akwai wanda ya yi shekara hamsin yana ciniki da Hausa a Kantin Kwari, ciwo ya mayar da shi Fulatancin ƙuruciyarsa.

Ruɗewar da ta zo dare ɗaya daban take. Zazzaɓi, ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa a zafin Afrilu duk suna jawo ta, kuma aikin likita ne na gaggawa.

A wajen magani, ba na yi wa kowa alkawarin dawo da abin da ya tafi. Abin da ya rage nake nema, in gina a kansa. Wanda ya manta sunan ɗansa sau da yawa yana kawo Fatiha ba gyara. Muna haɗa ɗan littafi mai hotunan iyali da sunayensu da manyan baƙaƙe, da ajami in shi yake karantawa. Muna koya masa abu guda mai amfani, kamar "riƙe sanda kafin ka miƙe", a maimaita bayan daƙiƙa talatin, sai minti ɗaya, sai biyu, ana tsawaita tazarar. Amma rabin aikin na mutanen gida ne. Ina roƙon su su daina "Baba, wane ne ni?" a gaban baƙi. Dattijon da ya saba a durƙusa masa, an mai da shi ɗan jarrabawa, dole ya fusata ko ya yi gum. A ce masa, "Baba, ni ne autanka, na zo gaishe ka." A kashe rediyo, mutum ɗaya ya yi magana, gajeruwa, a jira amsa. Maimakon "me za ka ci?" a ce "kunu ko shayi?"

Haɗiya ce ta fi hana ni barci, don ita ke kisa. Idan ciwo ya yi nisa, abinci da ruwa kan zarce hanyar numfashi su sauka huhu, wani lokaci ba ko tari, sai ciwon huhu ya biyo baya. Ina sauraron muryar mutum bayan ya haɗiya, ko ta jiƙe tana gurgura. Ina duba ko yana tara tuwo a kumatu. Ruwa tsinkakke ya fi saurin kuɓucewa, don haka wasu kan fi samun sauƙi da kunu mai kauri ko tuwo mai laushi da miyar kuka, amma sai an gwada mutum, domin abin da ya yi wa wani ba lallai ya yi wa wani ba. Ɗura ce babban abin tsoro. Da ƙauna ake yin ta, na sani, 'ya ce ke ganin uwarta na ramewa. Duk da haka ɗura wa tsoho a kwance hanya ce ta kai kunu huhu. A zaunar da shi sosai, cokali ƙarami, a ga maƙogwaro ya motsa kafin a ƙara, a bar shi zaune kamar rabin awa bayan ya gama, a wanke masa baki safe da dare.

Ranar sallama ba na yarda a turo mini babban ɗa shi kaɗai, ko da shi ke biyan kuɗi. Wadda ke riƙe cokalin nake nema, suruka ce ko jika, tare da mutum na biyu da zai karɓe ta ran da ta gaji. A gabana suke ba da abincin, in gyara musu zama da girman loma, sannan in sa hannu a takarda.