Godiya Daga Iyalan Marigayiya Mahaifiyarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin Baba da yayyena da ƙannena, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana a rashin mahaifiyarmu, wadda Allah Ya karɓi abinSa ranar Juma'ar da ta wuce bayan doguwar jinyar ƙoda. Waɗanda suka tako da ƙafarsu, da waɗanda suka bugo waya daga Damagaram da Kumasi, da waɗanda suka yi mata addu'a ba mu ma sani ba, Allah Ya saka muku da alheri.

Zan fara da iyayenmu mata da suka yi mata wanka. Hajiya ta shafe shekaru tana wankan gawa a unguwarmu, ba ta karɓar ko sisi, kuma ba ta taɓa dawowa gida ta faɗi abin da ta gani a jikin mamaci ba. Matan da ta koya wa aikin su ne suka haɗa ta, da likkafanin da ta zo da shi daga aikin Hajji, wanda ta tsoma a ruwan Zamzam ta ajiye a ƙasan adaka. Muna yara tsoron adakar nan muke yi. Ita kuwa ajiyar ba ta hana ta zuwa biki, da kiwon awaki, da dariya da jikoki ba. Abin da ta sa mata kawai shi ne gaggawa: ba ta kwana da bashin kowa in da hali, ba ta ɗage dubiya zuwa gobe, in ta saɓa da mutum ita ke fara zuwa ko da ta girme shi. Takan ce mutuwa rigar kowa ce, kuma da gaske take faɗa.

Sai masu haƙar kabari na maƙabartar Dandolo, da suka gama aiki cikin zafin rana kafin a sauko daga masallaci. Mutanen nan su suka ɗauki nauyin Kano a watan Afrilun 2020, lokacin da mace-mace suka yawaita, amma ba ma tuna su sai ranar da muka ɗauko makara. Wannan bai dace da mu ba. Mai hali ya kai musu diga da shebur da ruwa, ko ɗan abin cefane, ba sai ya yi rashi ba.

Maƙwabta, kun hana mu ɗora tukunya har aka yi addu'ar uku. Kun raya sunna, domin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta ya iso Madina a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) umarni ya yi a dafa wa iyalansa abinci.

Abin da ya fi sanyaya mana zuciya a zaman makoki shi ne baƙin fuskokin da ba mu sani ba. Wata baiwar Allah ta ce Hajiya ce ta biya mata kuɗin asibiti ranar haihuwarta. Wata ta ce a ɗakinta ta haɗa baƙi, yau ga shi tana koyarwa a Islamiyya. Mu da muka tashi a gabanta ba mu taɓa jin ko ɗaya ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce aikin ɗan Adam yana yankewa in ya mutu, sai sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Biyun farko mun ji shaidarsu daga bakinku. Na ukun yana wuyanmu, ku taya mu roƙon Allah Ya ba mu ikon saukewa.

Duk wanda yake bin Hajiya bashi, ko ya ba ta ajiya, ko yake cikin adashin da take riƙewa, ya zo gida ya ga babban yayanmu, kada kunya ta hana shi. Wanda ta ɓata wa, don Allah ya yafe mata. Allah Ya jiƙanta da sauran magabatanmu, Ya kyautata namu zuwan, Ya mayar da baƙinmu gida lafiya.