Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tambayoyin Baranda

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni daga ɗakin haihuwa aka mai da ni sashen tiyatar baki da muƙamuƙi, a asibitin da nake aiki a Yamai. Ba ni na nemi wurin ba. Abin da ya sa majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, ya zaɓe ni bai wuce harshe ba. Likitan sashen Faransanci yake ji da Zabarmanci, Hausarsa kuwa daga "sannu" sai "buɗe baki", alhali da yawa daga cikin masu zuwa mutanenmu ne na Adar da Gobir da Arewa. Ni kuma haifaffiyar Tawa ce. Sai na zama ga aikin jinya ga tafinta, albashi dai ɗaya.

Mutum zai taso daga Tawa, ya bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar kusan kilomita 550, da takardar da aka rubuto masa a ninke cikin aljihu. Ya zauna gaban likita, duk abin da aka faɗa sai ya ce "to". Sai an fito baranda ina sauri da tire a hannu zan ji an ce, "Ɗiyata, tsaya in tambaye ki." A nan ake fito da abin da ke cikin rai.

Tambayar da ta fi kowace maimaituwa ita ce ta ido. Wani dattijo daga wajen Keita ne ya fara yi mini ita, ya rage murya: "Ɗiyata, an ce in an hidda haƙorin bisa, ido na mutuwa. Gaskiya ta?" Na ce, "Baba, jijiyar gani daga bayan ido take wucewa cikin ƙwaƙwalwa, ba ta bi ta haƙori. Cire shi ba ya taɓa ganinka." Ya jinjina kai, amma na san da sauran shakka a tare da shi, domin maganar ya gaje ta ne tun daga kakanni. A ganina ga inda ta samo asali: in haƙorin sama ya ruɓe, musamman fiƙa, mugunya takan taru har fuska ta kumbura zuwa ƙarƙashin ido, wani lokaci idon ya rufe. Sai a ruga a cire haƙorin a makare, in abin ya ɓaci a ɗora wa cirewar laifi. Alhali ruɓar da aka bari ta daɗe ita ce ke iya hayewa har ramin ido. Da na yi masa wannan bayani sai ya ce, "Ashe barin nashi shi ad da hatsari." Na ce, "Ka gama magana, Baba."

Daga ita sai ta tsutsa. "Ba a iya kashe tsutsar a bar mini haƙorina?" Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin da ya maƙale, suna fitar da tsami mai cinye haƙori a hankali. Mu kuwa ga shayi mai sukari har kofi uku a zama ɗaya. In an zo da wuri akan share ramin a cike shi. Amma kafin a iso mana an sa kanumfari, an danna asfirin a ramin har dasashi ya ƙone ya yi fari, wani ma wanzami ya gwada ya karya kan haƙorin ya bar saiwa a ciki. Kanumfari dai ba na raina shi, yana kwantar da zogi, sai dai ruɓar tana nan tana ci.

Abin da ke ci mini rai shi ne, abin da ya kamata a ji tsoro ba a tambaya a kansa. Mutum zai shigo haɓarsa ta kumbura ta yi tauri, bakinsa ba ya buɗuwa ko yatsa biyu su shiga, yawu na dalala don haɗiya ta gagara, jiki zafi rau, amma tambayarsa ita ce, "Ba a ba ni magani in koma gida, in kumburin ya sace in dawo?" Turmin ƙasa ne, wato babban haƙorin baya, ya ruɓe, mugunya ta huda ƙashi ta gangara ƙarƙashin harshe da wuya. In ta ci gaba, harshe yakan ɗago ya koma baya ya toshe hanyar numfashi, kuma abin ba ya ɗaukar dogon lokaci. Kusan duk wanda ya zo a haka, in na bincika sai in tarar ya kwana biyu yana shan diklofenak ko ibuprofen na masu yawo da magani a tire. Zogi ya lafa, ya ɗauka sauƙi ne, ciwo kuwa yana ta yaɗuwa. Masu ciwon suga da mata masu juna biyu su suka fi ba mu tsoro. Irin wannan ba a jira da shi: a tsaga a fitar da mugunya, a bar 'yar roba a wurin don sauran ta tsiyaye, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, a cire haƙorin da ya jawo. Duk mai karanta ni, in kumburin haƙori ya haɗu da zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, ko da tsakar dare ne a nufi asibiti.

Sai maganar allura. "Barci za a sa ni? In ban tashi ba fa?" Yawancin cire haƙori ba ya buƙatar barci. Allura ce a dasashi, kana farke, za ka ji ana turawa ana girgizawa amma ba zafi. Leɓe yakan yi nauyi na 'yan awoyi, sai a kula kada a cije shi, musamman yara. Babban aiki irin na karaya ko cire ƙari shi ake sa barci, kuma dole a yi awa 6 ba a ci kome ba, don kada abin da ke ciki ya taso ya faɗa huhu. A nan nake fama da iyaye mata. Na ce kada a ba yaro abinci, da safe in tambaya, uwa ta ce, "Wallahi bai ci kome ba, koko kawai na ba shi." Shi ke nan, an ɗaga aiki. Yanzu sunayen nake jerowa ɗaya bayan ɗaya: ban da koko, ban da fura, ban da nono, ban da shayi da madara. Haka nan ina tambayar hawan jini, suga, amosanin jini, ciki, da ko mutum na shan asfirin kullum, don yana hana jini tsayawa da wuri. Ba kowa ke faɗa da kansa ba.

Wanda ba na mantawa shi ne wani saurayi ɗan kabu-kabu, ɗan wajen Illela, da ya zo neman kuɗi Yamai. Ya faɗi a kan kwalta ba hular kwano, haɓa ta fara sauka. Radiyo, wato hoton ƙashi, ta nuna muƙamuƙin ƙasa ya karye wuri biyu, abin da ya saba faruwa saboda lanƙwasar ƙashin. Haƙoransa ba sa haɗuwa yadda suka saba, kuma wannan ita ce alamar da likita ya fara dubawa. Hanya biyu aka gaya musu: ko a ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya na mako 4 zuwa 6, ko a sa ƙananan faranta na titaniyom da kusoshi a jikin ƙashin. Ta biyun ta fi tsada. Uwarsa ta kasa gane yadda za a ɗaure wa mutum baki a ce magani ne. Na ce, "Inna, kin ga yadda maɗori ke ɗaure hannu da kara? To nan haƙoran sama su ne karan." Nan take ta gane. Suka zaɓi waya.

Da ya farfaɗo, ta tsakanin haƙora ya ce, "Tanti, mi zan ci?" Na ce duk abin da zai bi ta rariya: fura a dama ta ruwa-ruwa a tace, kunun gyaɗa, nono, madara, romon nama, wake ko dankali a niƙe a tsinka da romo. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Na gaya masa zai rame, kada ya tsorata. Na kuma nuna wa yayansa inda zai yanke ɗaurin in amai ya taso, na ce abin yankan ya riƙa kwana kusa da kansa. Ya tambayi leɓensa na ƙasa da ya mutu ba ya jin taɓi. Akwai jijiyar da ke ratsawa ta cikin ƙashin muƙamuƙi, ita ke ba leɓe da haɓa ji, karaya takan ja ta ko ta matse ta. Yawanci jin yana dawowa cikin makonni ko watanni, wani lokaci ba ya dawowa duka. Haka na faɗa masa, ban ƙara gishiri ba. Ban yarda da yi wa marar lafiya alkawarin abin da ba a hannuna yake ba.

Uwar kuwa sai da ta ja ni gefe. "Ɗiyata, huska tai ba ta karkacewa? An sa mishi rana bayan Salla." Na yi dariya na ce in ya bar wayar ta yi aikinta, amarya ba za ta ga bambanci ba. Amma ko an kwance, kilishi da goro da rake su dakata tukuna, a fara da tuwo mai laushi. Shi kuma damuwarsa azumi da ke tafe. Na ce hukunci na malamai ne, amma aya ta 184 da ta 185 a Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya, kuma mai rayuwa da ruwa-ruwa ba shi da ƙarfin yini a zafin Yamai. Ya je ya tambayi malaminsa, ya dawo ya ce amsar ɗaya ce.

Masu faranta su kuma tambayarsu, "Ƙarfen ba ya tsatsa?" Titaniyom ba ya tsatsa a jiki, kuma yawanci ana barin sa in bai kawo matsala ba.

Umurnin da ya fi wa mutanenmu wuya kuwa ba ya cin ko dala: kada a tofar da yawu bayan cire haƙori. A cije auduga kamar rabin awa, ranar ba kurkure baki, ba taba, ba shisha. Gudan jinin da ya daskare shi ke rufe ramin. In ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe, bayan kwana biyu ko uku zogi ya taso har cikin kunne, da wari. Washegari ne ake fara kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri. Kumburi yakan ƙaru har kwana na biyu ko na uku kafin ya fara sauka, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Ina gama bayani, mutum zai ce "to", ya fita ƙofa ya tsartar a gindin bedi ina kallonsa ta taga.

Mako mai zuwa in sha Allah zan ba ku labarin yaran da aka fara kawo mana da ciwon noma, mai cinye kunci da leɓe, wanda sai a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, da yadda aikinsu ya kusa sa in nemi a mai da ni ɗakin haihuwa.