Godiya ga Masanan da Suka Shigo Ajinmu ta Kiran Bidiyo

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, zangon karatu ya ƙare, kuma da shi muka rufe zagayen farko na haɗa ɗalibanmu mata na babbar sakandare, a nan Gwale, da masana kimiyya ta kiran bidiyo. A madadin malaman sashen kimiyya nake wannan godiya.

Zan fara da Dakta, 'yar Kano da ke binciken sauro a Libaful ta Ingila. Daga ɗakin gwaje-gwajenta ta kira mu ta Zoom, sanye da farar rigar aiki. Ta kara kyamarar wayarta a bakin madubin likita, mai ƙara girman ƙananan abubuwa, sai ga ƙwayoyin jini sun cika bangon aji, a cikin wasunsu ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kamar ɗan zobe mai dutse. Shekara da shekaru ina zana abin nan da alli, amma ran nan ne wata daga bayan aji ta ce, "Malama, ashe da gaske ne!"

Tambayoyi kuwa sai da muka taka musu birki. Me ya sa tamatar sauro kaɗai ke cizo? Dakta ta ce jinin take buƙata don ƙwanta su ƙosa, shi namijin ruwan fure ya ishe shi. Ta ba su labarin yadda likitan Birtaniya Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin a cikin sauro a Indiya a 1897, har ta gangaro kan riga-kafin zazzaɓin mai suna R21 da aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Da Hausa ta yi duk bayanin, Kananci tsantsa. Ni a ganina wannan ya fi madubin tasiri, domin yarinyar da ba ta ɗaga hannu a darasin Turanci ita ta fi kowa tambaya.

Sai Malam na sashen kimiyyar sinadarai a Jami'ar Bayero, wanda ya ɗauko darasinsa daga marinar Ƙofar Mata: zane yana fitowa daga baba kore-kore, sai ya sha iskar oksijin sannan ya koma shuɗi. Akwai 'yar marini a ajin, har yau ba ta daina ba da labarin ba.

Muna gode wa Hajiya shugabar makaranta, da iyayen yara da suka yi karo-karon kuɗin data, da Alhajin Farm Centre da ya ara mana majigi bai karɓi ko sisi ba. Baba mai gadi, kai ka tayar da janareta ran da aka ɗauke wuta ana tsakiyar bayani, Allah ya ƙara lafiya.

Zango mai zuwa yaran sun ce masanin taurari suke so, da masanin noma. Duk mai jin Hausa da zai iya ba mu minti 40, ya tuntuɓe mu ta akwatin saƙo. Allah ya saka wa kowa da alheri, amin.