Ganuwar Tanimun da hoton Sankara

A watan Oktoba na shekarar 2024 hukumomin Yamai suka cire hoton Monteil, wani hafsan sojan Faransa da aka daɗe da kafa wa abin tunawa a birnin, suka sa na Thomas Sankara a gurbinsa, titin Charles de Gaulle kuma ya koma titin Djibo Bakary. Ina zaune a zauren kawuna a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram (Zinder), muka ji labarin a rediyo. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce abin ya yi kyau, sannan ya dube ni ya ce, "Amma ɗana, kafin Yamai ta zama Yamai, ina Nasara ya zauna?"

Amsar ba ɓoyayya ba ce. Damagaram ce fadar mulkin Nijar daga 1911 zuwa 1926, lokacin da Faransawa suka kwashe komatsansu suka koma bakin kogi, kuma ƙarancin ruwa, wanda har yau muke fama da shi, yana cikin dalilan da ake bayarwa. Kafin haka an yi ta'adi. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a nan, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, shekara ta zagayo sojojin Faransa suka ci Damagaram da yaƙi a Tirmini, suka gina bariki a kan duwatsu suka raɗa masa sunan mamacin nasu. Barikin nan yanzu sunan Tanimun, tsohon Sarkin Damagaram, yake amsawa, wato abin da Yamai ta yi, mu mun riga ta.

Sai dai sauya suna abu ne mai araha. Abin da Tanimun ya bari da hannunsa, shi da ya ƙera igwa a cikin garin nan, ita ce ganuwar Birni, kuma ita ce take narkewa a kan idonmu. Bayan damina na tsaya a gindin wani guntunta da ya rage. Ruwa ya tsaga shi daga sama har ƙasa kamar an ja da farce, awaki biyu suna kwance a inuwarsa, leda kuma ta cika ramin da ke gefe. Fadar Sarki, wadda aka gina wajejen 1850, ta tsira ne saboda akwai mutane a cikinta: dogarai na ƙofa, ana yi mata yaɓe da fenti, ana busa kakaki da algaita ranar hawan Sallah. Ginin ƙasa idan ba a shafa shi, ba ya daɗewa, kuma maginan da suka iya tubali da azara da zanen bango sai raguwa suke yi, domin duk wanda ya sami kuɗi siminti yake nema. Ban ga laifinsa ba. Ni ma ɗakina na bulo ne.

Tun 2006 sunan tsohon garin yake cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, Agadas kuwa ta samu shiga a 2013. Da aka yi bikin Zinder Sabuwa a 2018 mun samu kwalta da fitilu, mun kuma gode. Da na gaya wa Kawu halin da na tarar da guntun ganuwar, sai ya ce suna yara a kansa suke hawa su hangi unguwar Zango, ya kuma nemi in kai shi ya gani ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.