Golf GTI, Focus ST ko Civic Type R: wacce za ta jure titin Kano kuma ta iya filin tsere?

Motocin nan masu yankakken baya, waɗanda but ɗinsu ke ɗagawa haɗe da gilashin baya, ba baƙi ba ne a Kano. Duk wanda ya saba shiga Golf a tashar Unguwa Uku ya san fasalinsu. Abin da kamfanoni ke yi shi ne su ɗauki wannan ƙaramin jiki su ɗora masa inji mai ƙarfi, su ƙara girman birki, su taurara shokazoba, sai a samu motar da za ta kai yara makaranta ranar Litinin kuma ta shiga tsere ranar Asabar. Volkswagen ce ta shahara da wannan tun Golf GTI ta farko a 1976.

Idan aka bi takarda, Honda ce a gaba. Civic Type R samfurin FK8 da ta fito a 2017 tana da ƙarfin doki 320 a lissafin Turai, kuma a shekarar ta zagaye filin Nürburgring na Jamus, mai tsawon fiye da kilomita 20, cikin minti 7 da daƙiƙa 43.8. Focus ST ta kamfanin Ford, ta 2012 zuwa 2018, tana da 250. Golf GTI Mk7, wato zubi na bakwai, tana da 220, ko 230 in mai Performance Pack ce, wato ƙarin kayan gudu da kamfani ke sawa. Fiesta ST, ƙanwar Focus, 182 gare ta daga inji mai lita 1.6. Sai dai duk alkaluman nan an samo su ne a sanyin Turai, da man Turai, a kan kwalta mai laushi. Mu kuwa zafin bazara da ke wuce digiri 40 gare mu, ga fetur iri ɗaya tak a gidan mai, ga ramuka.

Mu fara da fetur, don nan aka fi yin asara. Man da ake sayarwa a Najeriya oktan ɗinsa, wato juriyarsa ga matsi kafin ya kama da wuta, wajen 91 ne a ma'aunin RON da Turai ke amfani da shi. Motar da aka shigo da ita daga Amurka, in ka buɗe murfin tanki ka ga an rubuta 91, kada ka ce ai namu ke nan. Ma'auninsu daban ne: 91 ɗinsu ya kai kusan 95 a RON, namu kuma ya fi kusa da 87 ɗinsu. Idan aka matsa wa injin turbo da man da bai kai ba, man kan kama da wuta tun lokacinsa bai yi ba. Kwamfutar motar tana jin haka ta rage ƙarfi don ta kare inji, amma kariyar tana da iyaka, musamman da rana tsaka in ka danne totur a giya mai nauyi alhali inji na juyawa a hankali. Nan fistin ke tsagewa. Focus ST ta Amurka da GTI Mk7 ta Amurka daga 2016 littafinsu ya yarda da 87, ƙarfi ne kawai zai ɗan ragu. Type R da tsohuwar GTI Mk5 mai mai kyau suke so. Kuma duk motar da aka taɓa wa kwamfuta a waje don ƙarin gudu, a mayar da ita yadda kamfani ya yi ta kafin ta sha manmu. Wannan ba na sassauta shi ko kaɗan.

Sai taya. Lambar tsakiya a jikin taya ita ce tsayin gefenta, kashi nawa cikin ɗari na faɗinta. Taya 225/45 a kan rim 17 gefenta ya kai milimita 101. Ta 225/40 a rim 18, milimita 90. Type R FK8 kuwa da 245/30 take zuwa a rim 20, gefen bai cika milimita 74 ba. Wannan ɗan roban ne kaɗai tsakanin rim ɗinka da bakin ramin da ruwan Agusta ya ɓoye. Sakamakon shi ne ƙulu a gefen taya, ko lanƙwasasshen rim, kuma irin wannan girma ba kowane mai taya ke ajiye shi ba. GTI marar manyan birki tana karɓar rim 17 lafiya lau, ita Type R babban birkinta ba ya barin a sauko ƙasa da 18. Ga kuma leɓen bambarta na gaba da ke shafar duk wani tudun rage gudu na cikin unguwa.

A cunkoso, GTI ta yi wa sauran fintinkau. Focus ST, Fiesta ST da Type R ɗin nan duk giyar hannu ce kawai, babu otomatik. Wanda ke bin Titin IBB ko wajen Kantin Kwari kullum, yana taka kuloci tsakanin 'yan adaidaita sahu, ƙafarsa za ta gaya masa. GTI tana da giyar otomatik da ake kira DSG mai hawa shida, kuloci biyu gare ta a cikin mai. Sharaɗinta a canza man da filtarsa duk kilomita 60,000, kuma da ainihin man DSG, ba man giyar otomatik na gama-gari ba. A gosulo kada ka riƙa jan ta a hankali ƙafa rabi a kan birki, hakan na dafa kulocin. Ka tsaya cak, gaba ta buɗe, sannan ka tafi.

Kowacce da ciwonta. GTI Mk5 bel ɗin tamin gare ta, kuma akwai wani ɗan kofin ƙarfe a ƙarƙashin famfon mai mai matsi da ke cinyewa. Ba shi da tsada, amma in ya huje sai ya ci kamshaf. Mk6 sarƙa ce, kuma abin da ke ɗaure sarƙar a na farko-farko yakan saki, sarƙa ta yi tsalle, bawul ya haɗu da fistin. In ka ji ƙarar kaca-kaca lokacin tayar da ita da safe, a duba kafin a sake murza makulli. Mk7 kuma gidan famfon ruwa da tamostat na roba ne, yana yoyo a hankali, don haka ka leƙa ƙarƙashin bututun shigar iska ka ga ko akwai busasshen ruwa mai launin hoda. Focus ST tana fisgar sitiyari in ka ba ta wuta a giya ta ɗaya da ta biyu, abin da ke ƙaruwa a kan titi mai kwazazzabo. Fiesta ST lagiretonta ƙarami ne, saurin zafi gare ta in an matsa mata. A wajen kayan gyara, ƙafa da birkin Golf sun fi sauƙin samu a Kofar Ruwa, na Type R kuwa galibi sai an yi oda.

Akwai abu biyu da bakanike zai iya ba ka shawara a kai, kada ka yarda. Na farko cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye wai don zafin Kano: injin zamani yana da zafin da yake aiki a kai, in bai kai ba sai ya yi ta shan mai yana wanke silinda. Na biyu zuba ruwan famfo zalla a lagireto, wanda ke kawo tsatsa kuma ya fi saurin tafasa. Baƙin mai na GTI ya zama mai lambar VW 502 00, Mk7 tana cin lita 5.7, kuma a yi juye duk kilomita 5,000 zuwa 7,000. Da hunturu a riƙa duba filtar iska duk wata, a kuma wanke fuskar lagireto da na'urar sanyaya iskar turbo, don ƙura na toshe su.

To, a filin tsere fa? Kano ba ta da fili na dindindin, kuma gadar sama ko Titin Zariya da tsakar dare ba fili ba ne, wurin ɗaukar ran bayin Allah ne. Mai son abin da gaske sai ya nufi inda aka tanada, kamar filin Evbuobanosa a jihar Edo. A can abin da ke raba motocin ba ƙarfin doki ba ne kawai, yadda suke fita daga kwana ne. Type R tana da difarensha na ƙarfe da ke hana tayar ciki juyawa a banza, da birkin Brembo mai faifan milimita 350. GTI mai Performance Pack tana da makamancinsa da lantarki ke sarrafawa, faifanta 340 maimakon 312. Su Ford biyun birki suke taɓawa don su kwaikwayi wannan aiki, shi ya sa bayan 'yan zagaye birkinsu kan yi laushi. Fiesta ST ta fi kowacce daɗin juyawa a ƙaramin fili mai yawan kwana. Ita ma Type R an san ta da ɗaukar zafi a rana mai ƙuna.

A ganina, mai mota ɗaya a Kano ya nemi GTI Mk7, in da hali mai Performance Pack. Type R ta dace da wanda ke da wata motar ta zirga-zirga.

Kafin shiga fili a zuba sabon man birki. Man birki nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya tsotsi danshi yana iya saukowa zuwa 155, lokacin ne feda ke nutsewa har ƙasa. Fad ɗin birki ya zama da sauran fiye da rabi. A duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan kalmar DOT da ke rubuce a jikin taya, mako da shekarar ƙira ke nan, kuma tayar Beljiyam da ta haura shekara biyar ba ta shiga. Iskar taya tana hawa in ta yi zafi, sai a auna da zarar an fito a rage. Zagayen ƙarshe a yi shi a hankali, kuma in an tsaya kada a ja birkin hannu a kan faifai mai zafi, a bar injin yana aiki minti biyu ko uku don turbo ya huce.